Takardar Da Ba Ka Gane Ba, Cinikin Biri A Sama Ce

Daga Bakin Rumfa

 

A kasuwarmu kalma biyu ce ke yanke ciniki. Mai saye ya taya, in mai kaya bai yarda ba sai ya ce "albarka", in ya yarda ya ce "na sallama". Ko yaron da aka aika sayen barkono ya san bambancin waɗannan biyun. Kuma kafin a kai ga ɗayansu an riga an ga kaya, an zura hannu cikin buhu har ƙasa, an faɗi kuɗi da baki, in akwai dillali a tsakani kowa ya san la'adarsa. Cinikin da aka ƙulla ba tare da an ga kaya ba kuwa, tun kakanni aka raɗa masa suna: cinikin biri a sama.

To, ita ma hukuma ciniki take yi da mu, ko da ba ta kira shi da wannan sunan ba. Takardar izinin zama, lasisin shago, takardar kwastam ko duwan, ta haraji, ta rumfar kasuwa, har zuwa ƙuri'ar da ake miƙa maka ranar zaɓe, kowacce tayi ce: ga abin da za a ba ka, ga abin da za ka bayar. Ranar da ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka ce "na sallama" ke nan, kuma da wuya ka sami alƙalin da zai saurari "ai ban gane ba". Abin da ke damuna shi ne, mu da ba ma sayen buhun albasa sai mun zazzage shi, kullum muna sallama wa takardun da ba mu san cikinsu ba. Wasu za su ce laifinmu ne da ba mu yi boko mai zurfi ba. Ni ina ganin mafi yawan nauyin yana kan mai rubutun. Wanda ya rubuta takarda don jama'a, jama'a kuma suka kasa gane ta, bai gama aikinsa ba.

Harajin da babu rasit

Ku duba ƙofar manyan ofisoshi a duk ƙasashen da muke zaune. Kafin ka kai ga akawu sai ka ratsa ta cikin samari masu riƙe da biro da jakar takardu, suna tarbar ka da "Alhaji, me za a yi maka?" A Gana ana ce musu "goro bois", kuma duk Bahaushen da ya ji sunan ya san goron da ake nufi. A wasu wuraren 'yan kamasho ne, a wasu ejan. Ba na zaginsu, cikinsu akwai masu amana, kuma su ma abinci suke nema. Amma ku tambayi kanku me ya haife su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fom ɗin da aka rubuta da Turanci ko Faransancin lauyoyi shi ne tsagar. Da a ce mutum zai karanta ya gane, ko a karanta masa sau ɗaya ya gane, da rabin waɗannan samarin sun nemi wata sana'a. Kuɗin da kake ba su haraji ne na biyu, ba ya shiga baitulmali, ba ya da rasit, kuma talaka ne ya fi biyan sa, domin mai kuɗi yana da lauyansa.

Kada ku ɗauka maganar rashin karatu ce kawai. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar mata rumfa a kasuwa, da ita take ciyar da marayu huɗu. Takarda ta zo daga ofishin da ke kula da rumfuna, shafi biyu cike. Ɗanta ya gama sakandare, yana jin Turanci sarai. Ya karanta, ya ce mata sanarwa ce a kan gyaran kasuwa. Gaskiya ya faɗa, shafin farko duk maganar gyara ce da ambaton dokoki da lambobinsu. Abin da bai gano ba yana can ƙasa a shafi na biyu, cikin wata jimla mai tsawon igiyar guga: wanda rumfarsa ke da sunan wani, ya zo ya sauya suna kafin rana kaza, in ba haka ba a ɗauka ya bar ta. Ranar ta wuce. Sai da dattawan zango suka yi wata uku suna kai da komowa, aka kashe kuɗin da ya kusa jarinta, kafin rumfar ta dawo hannunta. Ba wanda ya yi mata ƙarya a takardar nan. Binne maganar aka yi.

Bari in kwatanta muku da Hausa, don a ga cewa ciwon ba na Turanci kaɗai ba ne. A ce an rubuta: "Ana sanar da ɗaukacin masu ruwa da tsaki cewa rashin mutunta tanade-tanaden sakin layi na biyu na sashen da aka ambata a sama ka iya haifar da ɗaukar matakan da suka dace." Kowace kalma Hausa ce, amma wa ya gane? Su wane ne masu ruwa da tsaki, ni ina ciki? Wane mataki? Yaushe? Ga yadda mai son a gane shi zai rubuta: "Idan rumfarka tana da sunan wani, ka zo ofis da katin shaidarka kafin 30 ga wata ka sauya suna. Kuɗin sauyin kaza ne. Idan ba ka zo ba, za a ba wani rumfar." Shi ke nan. Ba abin da doka ta rasa, kuma marayu ba su kwana da yunwa ba.

Baƙo ne ke fara shan dukan

Mu da muke cin abinci a ƙasar wasu, wannan magana ta fi shafarmu da kowa. Tsofaffin zango a Gana har yau suna ba da labarin 1969. Ranar 18 ga Nuwamba na shekarar gwamnatin Busiya ta fitar da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutanen da suka shekara talatin, arba'in a Kumasi, suka gina gidaje, suka aurar da 'ya'ya, da yawansu ba su taɓa sanin ana bukatar wata takarda ba. Aka sayar da dukiya a wulaƙance, aka hau manyan motoci. A 1983 Najeriya ma ta yi irin nata korar a zamanin Shagari. Kunne ya girmi kaka.

A zamaninmu kuma ga misali. Yarjejeniyar ECOWAS, wadda 'yan uwanmu na ƙasashen Faransanci ke kira CEDEAO, tun 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza, ya zauna har kwana 90. Ɗan kasuwa ya ji wannan a rediyo, ya ɗauka ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Amma dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe kasa kaya a kasuwa da talla da ƙaramin ciniki a rumfa ga 'yan ƙasa, ta kuma ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Takarda biyu, kowacce da hatimin hukuma, kowacce da abin da take faɗa. A 2019 da 2020 muka ga ana garƙame shagunan baƙi a Kumasi da Akra. Ba ina nan ina yanke hukuncin wa ke da gaskiya ba ne, kowace ƙasa tana da ikon kare kasuwarta. Abin da nake cewa, da an manna shafi ɗaya a bakin iyaka da tashoshin mota, da harsunan da matafiya ke ji, a ce ga abin da baƙo zai iya yi, ga wanda ba zai iya ba, da mutane da yawa ba su zuba jarinsu a inda za a sa masa kwaɗo ba.

Haka kuma da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku masu tambarinta har sai an ba da wata sanarwa. Maganar ta fito a takarda, amma direban da ya ɗauko albasa daga Galmi zuwa Akra daga bakin mutane ya ji ta, kowa da irin tasa. Inda bayani bai kai ba, jita-jita ke cika wurin, kuma mai shinge a hanya ya fi kowa sanin yadda ake cin moriyar wanda bai tabbatar da haƙƙinsa ba.

Ranar da ake tambayar mu "i" ko "a'a"

Yanzu mu zo ga takardar da ta fi kowacce nauyi, wato ƙuri'a. A nan sai in yi togaciya: baƙo ba ya zaɓe a ƙasar da ba tasa ba, kuma kada wani ya ja ku cikin wannan, fitina ce. Amma 'ya'yan zango da yawa 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, mu kuma da muka zo ci-rani muna komawa gida mu yi namu. Saboda haka magana ta shafi kowane gida.

Zaɓen mutum yana da ɗan sauƙi, ga hoto ga alamar jam'iyya. Duk da haka ana ɓarna. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasar Gana a 2008, ƙuri'un da suka lalace sun haura 200,000, alhali a zagaye na biyu tazarar da ta raba Atta Mills da Akufo-Addo kimanin 40,000 ce. A Najeriya a 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, takardar ta yi tsawon zani, gajerun sunayen jam'iyyu suna kama da juna, ƙuri'u fiye da miliyan 1 suka lalace. Ba duka ne laifin rubutu ba, wani tawada ce ta taɓa wajen naɗewa, wani da gangan ya ɓata. Amma ka tuna tsohuwar da ta tsaya a layi tun asuba, ta koma gida tana murna, ba ta san an jefar da muryarta a kwandon shara ba.

Zaɓen raba gardama kuwa, nan ne ake yin ta. Babu hoto, tambaya ce kawai, sai "i" da "a'a". A Gana an shirya irinsa ranar 17 ga Disamban 2019. A bakin mutane a kasuwa da tasha, maganar ita ce za a tambaye mu ko muna so mu riƙa zaɓen shugabannin gundumomi da kanmu, maimakon shugaban ƙasa ya naɗa su. Wa zai ƙi wannan? Amma ba ita ce tambayar da ke kan takarda ba. Abin da ake tambaya shi ne a gyara sakin layi na 3 na sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1992, don jam'iyyun siyasa su sami damar tsayar da 'yan takara a zaɓen gundumomi. Maganar zaɓen shugabannin kuwa tana sashe na 243, kuma wannan majalisa ce ke da ikon gyara shi, ba sai an tambayi jama'a ba. Abu biyu ne daban aka ɗaure su da igiya ɗaya a bakin masu yaƙin neman goyon baya. Mutum na iya son na farko ya ƙi na biyu. Da aka fara warwarewa sai gardama ta tashi, har tsakanin sarakuna. Ranar 1 ga Disamba shugaban ƙasa ya janye zaɓen, ya ce ba a sami haɗin kan ƙasa ba, aka ci gaba da naɗin kamar da. Da tun farko an raba tambayoyin an faɗe su a fili, da ko an yi nasara ko an faɗi, an san ra'ayin mutane na gaskiya.

Gajeriyar tambaya ma tana iya ɗauke da lauje cikin naɗi. 'Yan Nijar ba su manta 4 ga Agustan 2009 ba. Tambayar ita ce ko ka yarda da sabon kundin tsarin mulki. A cikin kundin akwai ƙarin shekara 3 ga shugaba Tandja ba tare da zaɓe ba, da cire iyakar wa'adi. Kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta, aka rushe ta, an kuma riga an rushe majalisa. Abin lura a nan, talakawa ba su jira lauya ba, da kalma ɗaya ta Hausa suka kira abin: tazarce. Masu so da masu ƙi duk da wannan kalmar suka yi gardama, domin ita ce ta faɗi abin da ke cikin buhu. Ƙarshen labarin kun sani, sojoji suka karɓe mulki ranar 18 ga Fabrairun 2010. A Chadi ma a Disamban 2023, gardamar da ke bakin mutane ita ce ƙasa dunƙulalliya ko tarayya, amma a takarda ba a jera biyun an ce ka zaɓa ba, kundi guda aka kawo aka ce "i" ko "a'a".

Akwai kuma wani tarko da ya shafi harshenmu kai tsaye. In aka tambayi Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?" yana iya cewa "I, ban ci ba." Bature a daidai wannan wurin "a'a" zai ce. Bafaranshe kuma yana da kalma ta uku, "si", wadda yake ƙaryata irin wannan tambayar da ita. To ka ɗauka an rubuta tambayar zaɓe da korewa a ciki, aka ba tafinta ya fassara. "I" ɗinka da "i" ɗin mai ƙirga ƙuri'a ba lalle su zama ɗaya ba. Ko ka ji wannan: "Kana goyon bayan a soke dokar da ta hana kasa kaya a bakin titi?" Mai son a kasa kaya "i" zai ce, amma da yawa za su ji kalmar "hana" su yi maza su ce "a'a", su kori kansu daga bakin titi da yatsansu. Ai tambayar ita ce: "A bar mutane su kasa kaya a bakin titi, ko a hana?"

Tsakanin "da" da "ko"

Na san abin da lauyoyi za su ce, domin na sha ji daga bakinsu. Za su ce doka ba hirar shayi ba ce, dole a tsare kowace kalma, in aka sauƙaƙa za a bar ƙofa ga masu wayo. Akwai gaskiya a ciki, kalmar doka tana da nauyi. Amma ku dubi Kodebuwa, 'yan uwanmu na Abijan shaida ne. A kundin da aka kai zaɓen raba gardama a Yulin 2000, zamanin Janar Robert Guei, sashe na 35 ya ce mai neman shugabancin ƙasa sai uwarsa da ubansa duka 'yan asalin ƙasar ne. Gardamar da ta cika ƙasar a kan kalma biyu ce ƙanana ta Faransanci, "et" da "ou", wato "da" da "ko": uwa da uba, ko kuwa uwa ko uba? "Da" ce ta tabbata. A watan Oktoba kotun ƙoli ta hana Alassane Ouattara takara. A Satumban 2002 yaƙi ya ɓarke. Ba na cewa kalmar kaɗai ta kawo yaƙi, wutar ta daɗe tana ci a ƙarƙashin toka. Amma sai a 2016, bayan jini ya zuba, sabon kundi ya mayar da ita "ko".

Me wannan ke koya mana? Kalmar da ta fi kowacce nauyi a kundin nan gaba ɗaya, ɗan aji ɗaya ya san ta. Ashe tsare ma'ana ba ya bukatar manyan kalmomi. Sau da yawa ma dogon rubutu shi ke ɓoye ƙaramar kalmar da za ta yanke maka hukunci. Lauya ya rubuta dokarsa yadda kotu ke so, babu laifi. Amma a gefenta a ajiye bayani na gaskiya, gajere, wanda ya nuna wa mutum inda "da" take da inda "ko" take.

Wasu sun gyara nasu

Kada mu ɗauka haka Allah ya halicci takardar gwamnati. A Ingila wata mata ce mai suna Chrissie Maher, wadda ita kanta ba ta iya karatu sosai ba sai da ta zama budurwa, ta tara fom-fom na gwamnati a 1979 ta yayyanka su a filin da ke gaban majalisa, ta kafa ƙungiyar yaƙi da rubutun da ba a ganewa. A Amurka a 2010 shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. A Kanada, bayan zaɓen ɓallewar yankin Kebek na 1995, inda tambayar ta yi tsawo har tana ambaton wani ƙudiri da wata yarjejeniya, kuma aka rabu kusan kankankan, sai a 2000 aka yi dokar da ta ce nan gaba dole tambaya ta fito fili.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Birtaniya. Kafin zaɓen ficewa daga Tarayyar Turai na 2016, hukumar zaɓensu ta ɗauki tambayar ta gwada ta a kan mutane na gari, ta ga "i" da "a'a" sun karkata gefe guda, ta ba da shawara a sauya. Aka rubuta zaɓi biyu a fili: a zauna, ko a fita. Ka ga, ɗanɗana miya ke nan kafin a kai wa baƙo. A nahiyarmu kuma an yi dabarar alama. Kenya a 2005 ayaba ce "i", lemo "a'a". Kudancin Sudan a 2011 hannu biyu a haɗe haɗin kai ne, tafin hannu ɗaya a buɗe rabuwa. Alama tana taimako, tana nuna maka inda za ka dangwala. Sai dai ba ta gaya maka abin da ka sallama wa ba, wannan sai da bayani.

Hausa ba ta gaza ba

In wani ya ce harshenmu ba zai ɗauki maganar hukuma ba, ku tuna masa cewa da Hausa aka yi mulkin En'e a Arewacin Najeriya, da ita alƙalai suka yi shari'a, kuma a 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara bayyana wa talaka al'amuran duniya daga Zariya. Sashe na 55 na kundin Najeriya na 1999 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a matsayin harsunan da majalisar tarayya za ta yi aiki da su in an yi tanadi. A Nijar a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Amma ina jan kunnen masu fassara: in kuka ɗauko murɗaɗɗen Faransanci kuka mayar da shi murɗaɗɗiyar Hausa, an gudu ba a tsira ba. Ma'aunin shi ne a karanta wa mai tuwo a tasha, in ta iya maimaita abin da ake so ta yi, da ranar, da kuɗin, to fassara ta yi. Kuma abin da muke nema wa Hausa muna nema wa Zabarmanci da Fulatanci da Dagbanci da Tuwi da Ewe, domin maƙwabcinmu a kasuwa shi ma ciwon nan yake ji.

Abin da ke hannunmu

Kafin hukumomi su gyara, ga abin da za mu iya tun yau. Duk takardar da ta shigo gida ko shago, a yi mata tambaya huɗu: me ake so in yi, zuwa yaushe, nawa zan biya, me zai faru in ban yi ba? In mai karantawa bai amsa huɗun nan ba, bai gama karatu ba, a kai wa wani. A karanta har ƙarshe, har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Kada ka dangwala a farar takarda ko fom ɗin da ba a cike ba, ko da ɗan uwanka ne ya kawo. Ka ɗauki hoton kowace takarda da wayarka kafin ka miƙa. Ku sani kuma a Gana akwai tsohuwar doka tun 1912 da ke kare wanda bai iya karatu ba: wanda ya rubuta masa takarda dole ya karanta masa, ya bayyana masa, ya kuma sa sunansa a jiki. Jihohi da dama a Najeriya suna da irinta. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Mu Musulmi ma mun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma malamai sun karantar da mu cewa wanda bashin ke kansa shi ke yi wa marubuci shifta, don kada a rubuta masa abin da bai sani ba.

Iyayen gida, Hajiyoyinmu, ku ne takarda ke tararwa a gida in maigida yana hanya. Kada a soke ta a bayan madubi sai ya dawo, a ɗauki hotonta a tura masa ran nan. Yaran da muke biya wa makaranta kuma, a saba musu da karanta rasit da takardar haya da ta haraji suna fassara mana, wannan ma karatu ne.

Sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kuna zama da hukuma, kuna da bakin magana. Duk sanarwar da ta shafi kasuwa ku nemi a ba da ita a shafi ɗaya, da harsunan kasuwar, a kuma yi ta da murya don a tura ta WhatsApp, tunda ba kowa ke karatu ba amma kowa yana da kunne. In zaɓen raba gardama ya taso, ku gayyato masu "i" da masu "a'a" zaure ɗaya, kowa ya faɗi da Hausa abin da zai sauya in nasa ya ci. Wanda ya kasa faɗin haka cikin minti biyu, ko dai bai gane ba, ko kuwa ba ya so ku gane. 'Yan siyasa kuma in sun zo neman ƙuri'ar zango, ban da shinkafa da atamfa, a saka wannan cikin abin da za a tambaye su. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda yake da wata takarda da ta taɓa ɗaure masa kai, ya rufe sunansa da lambobinsa ya aiko wa mujalla hotonta. In mun tara da dama, za mu zaɓi wasu mu warware su tare a wannan fili, kowa ya ƙaru. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba takardar hayar shago da kuɗin da ake biya na shekaru gaba, wadda ta sa 'yan uwa da yawa kuka. Allah ya ba mu ciniki na halal, ya raba mu da sa hannun da-na-sani.